Kada Ka Sayar da Sauro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Mu'azu, ta hannun Kawunka Sahabi, a Gummi.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Kawunka da iyalinsa. Allah ya tsare ka bisa hanya, ya tsare ka inda kake kwana, ya sa duk wanda zai hau bayanka ya zama mutumin kirki. Mu nan muna lafiya. Ƙanwarka Rabi'atu ce ke rubutawa, ni Innarka ina faɗa mata, kuma na hana ta gyara mini magana.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Direban motar wake ya ce mini ya gan ka a shagon masu mashina, kana zaune bisa sabon mashin, irin manyan nan marasa hayaƙi, kana shafa tankinsa kana dariya. Ya ce mai shagon ya yarda ya karɓi Sauro, tsohon mashin ɗin Babanku da ka tafi da shi kabu-kabu, ya ba ka wancan, ka riƙa cika masa a hankali. A waya ba zan iya wannan magana ba. Sabis ɗinmu sai an hau tudu, a kan tudu kuwa kowa yana jin kowa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Sauro ya tsufa, yana shan fetur, yana tara maka baƙi a riga, fasinja suna wuce ka su hau na wasu. Duk gaskiya ne. Ni ma na taɓa faɗin haka, har na fi ka iya faɗi. Shi ya sa nake so ka ji inda maganar ta kai ni.

Ni ban taɓa riƙe kan mashin ba. Amma macen da ke zaune cikin gida da kunne take ganin waje. Tun ina amarya na san kukan kowane mashin a garin nan, na san na liman, na san na mai shayi, na san wanda ya sha gyara da wanda ke neman gyara. Bitrus bakanike, mutumin Zuru da ke da rumfa a Nasarawar Burkullu, shi ya taɓa bayyana mini abin da kunnena ke ji, ranar da ya zo gida ya kwance Sauro a tsakar gida. Ya ce injin iri biyu ne. Akwai mai hayaƙi, irin Sauro, wanda ke ƙona man inji tare da fetur. Shi kowane juyi sai ya buga wuta, shi ya sa kukansa siriri ne mai tsini, ba ya hutawa. Kayan cikinsa kaɗan ne, ba shi da nauyi, yaro ma zai iya koyon gyaransa. Sannan akwai marar hayaƙi, wanda mansa ke zaune a ƙasa cikin tukunyarsa, ba ya ƙonewa, sai dai a juye a zuba sabo. Shi sai ya juya sau biyu yake buga wuta sau ɗaya, shi ya sa muryarsa ke da kauri, tana tafe a ƙasa a ƙasa. Ba ya shan fetur sosai, yana jan kaya, amma in ya lalace sai mai sani.

Na ce masa, "To wane ya hi?"

Ya yi dariya ya ce, "Maman Asma'u, wane ya fi, jaki ko doki? Sai ki faɗa mini inda za ki."

Kuskurena na farko a kan mai ne. Lokacin muna zaune Bagega, Babanku yana ɗaukar buhunan dutse daga ramin zinari zuwa wajen niƙa. Kana ƙarami, ƙanwarka Nafisa tana goye. Man da ake haɗa wa Sauro da fetur a wata gora yake ajiye shi, ƙarƙashin gadona. Wata rana ina shara na ture gorar, murfin bai rufu ba, rabin man ya tafi cikin ƙasa. Babanku ba mai duka ba ne, ba ma mai faɗa ba ne. Amma ni mai jin nauyin baki ce, kalmar "na zubar" ta fi ƙarfina. Sai na aiki yaro wajen mai injin niƙa ya samo mini baƙin man da suka juye daga injinsu, na cika gorar da shi, na girgiza. Na ce a raina ai mai mai ne.

Ba a daɗe ba Nafisa ta fara sanƙarewa, irin ciwon da ya riƙa ɗaukar yara a Bagega shekarun nan, wanda daga baya aka ce gubar dalma ce daga ƙurar dutsen da ake shigowa da ita gida. Babanku ya zuba fetur, ya ɗauko gorar ya zuba mai, na hau baya da yarinya a hannu, muka kama hanyar Anka. Ba mu yi rabin hanya ba Sauro ya fara tari. Ya mutu. Babanku ya kwance fulogi, ya ga ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Muka ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Haka muka yi ta yi, rana tana dukan yarinya, ina jin jikinta yana ƙamewa yana saki. A karo na ƙarshe ya shinshina gorar, ya dube ni. Ya jingina mashin ɗin jikin wata kalgo, ya karɓi yarinyar, muka taka da ƙafa har wani mai mota ya tsaya mana.

Nafisa ta kwana a asibiti, ba ta sake kwana ba. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar kudu, ta riƙe hannuna ta ce ko da mun iso da wuri ba lalle ba ne. Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila tausayi ne. Har yau ban sani ba, kuma ba zan sani ba.

Don haka, Mu'azu, abu na farko: mashin mai hayaƙi da mai yake rayuwa. Kada ka rage masa don fetur ya yi tsada, kada ka zuba masa wanda ba ka ga an fasa murfinsa a gabanka ba. Ka riƙa yawo da fulogi na biyu a aljihu. In kuma ka yi ɓarna, a gidan Kawunka ko a wajen aiki, ka buɗe baki ka faɗa a ranar. Kunyar faɗi ba ta kai zafin abin da shiru ke jawowa ba.

Bayan rasuwar Nafisa muka bar Bagega muka dawo gida, nan bayan Nasarawar Burkullu. Babanku ya koma noma, Sauro ya zama na kai wake kasuwa da ɗaukar marasa lafiya. A nan ya samu sunansa, kuma Ige maƙwabciyarmu ce ta raɗa masa. Ka san bakin Ige. Mijinta ya sayi babban mashin marar hayaƙi, ja, mai sheƙi, shi ke nan muka rasa sukuni. Da ta ji kukan namu daga nesa sai ta leƙo ta kan katanga.

"Kulu! Tashi ki kunna maganin sauro, ga mijinki nan tahe!"

Mata su kwashe da dariya. Ranar suna in na zauna kusa da ita sai ta toshe hanci. "Wa ya shigo muna da injin niƙa? Au, Kulu ta. Yi haƙuri, zanenki na ka ƙamshin angonki."

Nakan yi dariya tare da su, in dawo gida in sauke a kan Babanku. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma shi ya fi tsawo, don ba rana ɗaya na yi shi ba. In ya shigo sai in ce, "Malam, wanga abu ba ya ba ka kunya? Mutane na hawan mashin, kai kana hawan hayaƙi." In zai kai ni Adabka gidan yayarka Asma'u sai in ce gara in taka da ƙafa. Na iya magana mai ciwo ba tare da na ɗaga murya ba.

Shi kuwa yakan zauna ya lissafa mini dalilansa, yana wanke ƙafa. Ya ce in rafi ya cika, shi da mutum ɗaya sun isa su ɗaga Sauro su ƙetare da shi, babban kuwa sai an tara maza. Ya ce in ya lalace a daji, da sifana ɗaya da tsumma yake tashe shi. Ya ce in dare ya yi yakan shigar da shi har ɗaki ya rufe da tabarma. Ya ce dubi malaman makaranta da masu allurar rigakafi, duk roba-roba suke hawa, ƙananan nan masu jikin roba, ba don ba su san babba ba, don sun san hanyar da suke bi.

Ya kuma ba ni labarin ranar da mutanen daji suka tare shi a hanyar Adabka, lokacin abin bai daɗe da farawa ba. Sun fito daga cikin sabara da bindigogi, su da manyan mashinansu. Ɗayansu ya zagaya Sauro, ya shure tayarsa, ya ce, "Tsoho, mi a wanga? Injin ban ruwa ka hawo?" Suka yi ta dariya. Suka karɓe wayarsa da takalmansa, suka ce ya ɓace musu da ƙara. Ya dawo gida ba takalmi, amma ya dawo.

Ya ce mini, "Kulu, su mashin da zai ɗauki mutum uku da bindiga cikin yashi su ka nema, wanda ba a ji nai sai ya iso. Sauro ba ya ɗaukar uku, kuma tun daga ƙetaren rahi ya ka gaisuwa. Abin da kika raina shi ya maido ni."

Na ji, amma ban ɗauka ba. Na ce wannan dabarar talaka ce, ya rasa abu ya ce ba ya so. Na faɗa masa haka a fuskarsa, yana cin tuwo. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Ka ji wannan da kyau. Duk wanda ke yi maka dariya a tashar kabu-kabu, ba shi zai bi hanyar daji a madadinka ba. Su ce Sauro, ka ce na'am. Fasinjan da ya wuce ka don hayaƙi, ka bar shi ya wuce, akwai tsohuwa mai kaji da ba ta damu ba. Kuma in Allah ya ba ka mata wata rana, ta ce tana jin kunyar abin da ke ciyar da ku, ka saurare ta da haƙuri, amma kada ka canza hanyarka don ka ga ta yi murmushi. Babanku ya canza tasa, don yana sona.

Abin da ya biyo baya ka san shi, duk garin nan sun sani. Kana makarantar allo a Anka lokacin, aka je aka ɗauko ka. Amma ba ka taɓa ji daga bakina ba, ni kuma ban taɓa iya duban idonka in faɗa ba.

Damina ce, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya, ba ka ganin mai zuwa sai ya fito a bakin rafi. An shiga wani ƙauye kusa da mu a makon, an kwashe shanu da mutane. Sai garinmu ya yi shiri. Samari masu bindigar toka suna kwanciya a maƙetarar rafi. Mu mata kuma aikinmu kunne ne. Duk wadda ta ji kukan mashin da ba na gari ba, ta ɗauki faranti ta buga da ludayi, ta yi kururuwa, sauran su amsa, a kwashi yara a shiga dawa. Kowa ya san kunnena ya fi na kowa. In wata ta buga, akan tsaya a tambaya. In ni na buga, ba a tambaya.

Babanku ya tafi Gummi kasuwa da wake, ya ce zai kwana biyu wajen Kawunka. Ban san ya riga ya sayar da bijimi ɗaya ta hannun dillali ba. Ban san ya bar Sauro gidan Kawunka ya sayi sabon mashin ba. So yake ya shigo da shi har ƙofar gida, in fito in gani, Ige ma ta leƙo ta gani. Abokansa biyu 'yan Gummi suka rako shi bisa nasu mashinan, don a yi murna tare.

Bayan la'asar ina tankaɗe, na ji su. Murya mai kauri, a ƙasa a ƙasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ajiye rariya. Na san mijin Ige yana gida, mashin ɗinsa na jingine a zaure. Na kasa kunne ina neman siririn kukan nan a cikinsu, ko da baƙi ne Babanku ya jawo. Babu. Na sake saurare, babu. Ga su tafe da sauri, ba su rage wuta a kwanar gonar liman ba, inda duk ɗan gari ke ragewa saboda ramin nan. Babanku ya san ramin. Amma sabon mashin ne, yana jin daɗinsa.

Na ɗauki faranti na buga. Na yi kururuwa da duk ƙarfina.

Gari ya tashi. Na saɓa ƙaramar ƙanwarka, na ja Rabi'atu, muka shiga dawa. Muna ciki na ji bindiga ta tashi sau ɗaya daga wajen rafi. Sai shiru. Sai na ji wani yana kiran sunan Allah da irin muryar da ba ta faɗa ba ce. Sai na ji ana kiran sunana.

Haruna ɗan Ige ne ya harba. Yaro ne, gemu bai fito masa ba. Ya ga mutum na gaba ya fito daga dawa bisa babban mashin, ya naɗe fuska da rawani saboda iska, kamar yadda duk mai tafiyar nesa ke yi, kamar yadda su ma mutanen dajin ke yi. Kuma ya ji farantina. Me zai jira?

Na same shi kwance a bakin ruwa, mashin ɗin a gefensa, ledar kujera ma ba a cire ba. Harbin ya same shi a ƙirji ta dama. Idonsa biyu. Haruna yana durƙushe yana zuba wa kansa ƙasa. Ige ta iso, ta ga ɗanta, ta ga mijina, ta ɗora hannu a ka. Na durƙusa na ce, "Malam, ni ta. Ni na buga."

Ya ce, "Na ji. Tun daga gonar liman na gane bugunki." Ya ja numfashi. Ya ce, "Kunnenki bai yi ƙarya ba, Kulu. Ba kukana ba na."

Aka ɗora shi tsakanin abokansa biyu bisa mashin, aka juya Gummi. Ya yi kwanaki a asibiti. Kai ka gan shi a kwanakin, ni ma na gan shi. Bai sake tayar da maganar ba, sai tambaya yake ko an cire wa dawa ciyawa. Ranar da ya cika ina wanke masa kwano a waje.

Malamai sun ce ba ni da alhaki, Haruna ma ba shi da shi, ajali ne. Na karɓa, don ba ni da inda zan kai ƙara. Na daɗe ina juya abin, na ga bugun faranti ba shi ne kuskuren ba. In yau aka mayar da ni wannan la'asar ɗin, da abin da kunnena ya ji, bugawa zan yi. Kuskuren yana baya, a duk ranakun da na sa mutum mai hankali ya ji ba zai samu fuskata ba sai ya yar da abin da ya sani.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. A ƙasar nan yanzu ba a yi wa mutane ba-zata, ko ta alheri ce. In za ka zo gida, ka aiko tun kafin ranar. In za ka shiga ƙauyen da ba a san ka ba, ka buɗe fuskarka tun daga nesa, ka rage wuta, ka yi sallama da ƙarfi ga duk wanda ka gani a gona. Kada ka yi jerin gwano da wasu mashina zuwa cikin ƙauye, ko biki ne. Kada ka ɗauki mutum biyu masu jaka doguwa, ko nawa za su ba ka. In yamma ta yi maka a wani gari, ka kwana a masallacinsu.

An ce mini Haruna yana dako a tashar motar Gummi, ba ya zuwa gida ko da salla. In ka gan shi, kada ka kau da kai. Ka gaishe shi, ka ce Innarsa tana nan da rai, idonta ne ya fara rauni. Ni da Ige yanzu tare muke sussuka. Ba ma hira sosai, amma in ta kwana biyu ba ta leƙo ba nakan aika a duba.

Sabon mashin ɗin kuwa, ba ka tambaya ba, amma ya kamata ka sani. Ban yarda ya kwana gidan nan ba. Kawunka ya sayar wa wani saurayi ɗan Bukkuyum, mai kabu-kabu kamar kai. Kafin kaka ta zagayo aka tare shi a hanya. Ba su karɓi waya su sake shi ba. Sun tafi da mashin ɗin, sun tafi da shi ma, don suna son mai tuƙi da ya san hanyoyi. Uwarsa ta zo har nan tana tambaya ko akwai wata alama a jikin mashin ɗin da za a gane shi da ita. Na ba ta ruwa ta sha.

Ba na ce marar hayaƙi mugun abu ba ne. Bitrus ya yi gaskiya, ya fi sauƙin fetur, ya fi jan kaya, kuma a cikin gari kamar Gummi, bisa kwalta, shi ya fi. Da a ce zaman lafiya ake, da ni zan sayar da awakina in cika maka. In Sauro ya mutu mutuwar da Bitrus ya ce ba ta tashi, ka nemi roba-roba. Shi ma ba ya hayaƙi, fetur kaɗan yake sha, muryarsa ƙarama ce kamar keken ɗinki, kuma ba ya ɗaukar mutum uku cikin yashi. Za a yi maka dariya a kansa shi ma. Amma babban nan da ka zauna a kai kana shafawa, shi ne dai irin wanda suke hawa, kuma muryarsu ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta maka takarda, ban jira ka zo ba.

Bayan na fita takaba na ce na bar faranti har abada. Mai gari ya aiko, liman ya aiko, na ƙi. Sai tsofaffin mata suka zo da kansu suka zauna a tsakar gida, suka ce, "Kulu, in ba ke ba, wa?" Na koma. Har yau ni ce kunnen garin nan.

Amma hannuna ba kamar da ba ne. Bara da kaka na ji su tafe ta gabas. Na san ba namu ba ne, na sani sarai. Na ɗauki faranti, ludayi yana hannuna, na tsaya. Ina ta cewa a raina, in wani ne ya sayi sabo fa? In baƙon wani ne fa? Sai da wata yarinya a bayan gari ta hango su ta yi ihu sannan na buga. Su ne. Mun tsira da yara, amma ba a samu kora shanu ba, kuma Malam Isa makaho bai samu mai jan sa ba. Sun same shi a zaure. Ka ga yadda yake tafiya yanzu. Ba wanda ya san na tsaya sai ni, yanzu kuma sai kai da mai rubutun nan.

Wannan tsayawar na yi ta ne alhali ba ni da kowa a waje. Kai kana gona a ranar, Sauro yana ɗaki. To ka duba, in na san ɗana yana can bisa hanya da babban mashin marar hayaƙi, yana iya tahowa kowace rana. Duk muryar da na ji a ƙasa a ƙasa daga bayan dawa, zan ce ko Mu'azu ne. Ko ka aiko cewa ba ranar za ka zo ba, zan ce ko ya canza shawara, ko ba shi da lafiya, ko ya yi marmarin gida. In na buga, akwai wani yaron kwance a bakin rafi da bindiga, ya yarda da kunnena. In ban buga ba, Rabi'atu da ƙanwarta suna cikin gidan nan, kuma ka san abin da ake yi wa 'yan mata in an same su.

Na san kaina. Ba zan buga ba.

Muddin kana bisa Sauro, ba ni da wannan zaɓin. In na ji siririn kukan nan, kai ne, in tashi in ɗora ruwa. In na ji mai kauri, ba kai ba ne, in buga da ƙarfina ban waiwaya ba. Ba don kanka kaɗai nake roƙonka ba. Ka je wajen mai shagon ka ce ka fasa. In ka riga ka ba shi Sauro, ka tafi da Kawunka ku karɓo, ko da za a yi asara. In kuma ka ƙi ji, ka ga babban ya fi maka, ba zan yi maka baki ba, kai ɗana ne. Amma kada ka taɓa kawo shi garin nan. Ka bar shi Nasarawa wajen Bitrus, ka tako da ƙafa. Kuma ka rantse mini da Allah a kan haka, ka aiko mini da rantsuwar ta bakin Kawunka, don in samu abin da zan riƙe ranar da na ji su tafe.

Dawa ta fara kai ƙugu. Ka ba ni amsa kafin ta rufe hanya.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ka inda za ka, ya dawo da kai da ƙafarka. Allah ya makantar da mugu daga gare ka, ya sa masu tsaro su gane fuskarka tun daga nesa. Allah ya jiƙan Babanku da Nafisa, ya kawo mana ƙarshen wannan zama. Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa.

Wassalam.

Innarka.